Kati Ɗaya Tak

Sunan mahaifin Baba aka raɗa mini, saboda haka tun ina zanen goyo bai taɓa kama sunana na yanka ba. "Babana" yake ce mini, ko a gaban baƙi, ko a tsakiyar faɗa. Da wannan suna ya sallame ni ranar da na bar Kano a shekarar 2020 zuwa arewacin tsibirin Saifurus domin karatun digiri a fannin lissafi, shi kuma ya koma rumfarsa ta atamfa a Kantin Kwari ya ci gaba da auna yadi, yana tara kuɗin makarantata naira bisa naira. Abin da zan bayar labari shi ne yadda na salwantar masa da dala 400 cikin abin da bai kai minti goma ba, alhali a hannun da ya fara karya ni ban saɓa wa ƙa'idar lissafi ko ɗaya ba.

Tsibirin yana cikin Bahar Rum, kuma a rabe yake tun 1974. Ɓangaren arewa ya shelanta kansa ƙasa a 1983, amma Turkiyya kaɗai ta amince da shi. Baƙo ba ya kwana biyu a can bai gane cewa jami'o'i da gidajen caca suna cikin manyan abubuwan da ke riƙe da wurin ba. Da Turkiyya ta rufe gidajen cacarta a 1998, sai sana'ar ta tsallako ruwa da ma'aikatanta da masu kuɗinta, ta yi sansani a manyan otal-otal, musamman a garin Girne da ke matse tsakanin duwatsu da teku. A ɗaya daga cikin waɗannan otal-otal na samu aikin dare a shekarata ta biyu. Ina ɗaukar farantin shayi da gahawa, ina zagaya tebura, ina kwashe tokar sigari. Na gaya wa Baba cewa aikin otal nake yi. Ban yi masa ƙarya ba, amma na san abin da na rage, kuma na san dalilin da ya sa na rage shi. Tun a Islamiyya aka karantar da ni aya ta 219 ta Suratul Baƙara, wadda ta ambaci giya da caca tare, ta kuma nuna cewa zunubinsu ya rinjayi amfaninsu. Na lallashi zuciyata da cewa ni shayi kawai nake kaiwa.

A cikin masu raba karta akwai wani dattijo Baturke da kowa ke kira Usta, wato gwani. Ya fara aiki a Istanbul tun kafin a rufe gidajen can. Idan aka ba shi hutun minti ashirin yakan zauna a bayan kicin yana murza yatsunsa, ni kuma in kawo masa shayi a ɗan ƙaramin kofin gilas. Da ya ji lissafi nake karantawa sai ya fara jarraba ni da tambayoyi, daga nan ya koya mini wasan da yake rabawa, wanda ake kira blakjak, ko ashirin da ɗaya.

Dokar wasan ba ta da wuya. Karta ce ta yau da kullum mai kati 52, galibi a haɗa fakiti shida ko takwas a cikin akwati guda. Kowane kati yana da darajar lambar da ke jikinsa. Sarki da sarauniya da bafade duk 10 ne. Katin as kuwa fuska biyu gare shi, yana zama 1 ko 11, gwargwadon abin da ya fi yi wa mai shi amfani. Ana ba ɗan wasa kati biyu, mai rabo kuma ya nuna katinsa ɗaya. Burin ɗan wasa shi ne ya fi mai rabo kusantar 21 ba tare da ya zarce ba, domin wanda ya zarce ya ƙone. Mai rabo ba shi da zaɓi: tilas ya ci gaba da ja har ya kai 17. Ribar gidan tana ɓoye a wuri ɗaya, wato ɗan wasa ne ke fara ja. Idan ya ƙone an kwashe kuɗinsa nan take, ko da shi ma mai rabo zai ƙone daga baya.

Domin a rage wa ɗan wasa wannan zafi aka ba shi 'yan damammaki, kuma wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce ninki. Bayan ka ga katinka biyu da katin mai rabo, an yarje maka ka ninka kuɗin da ka aza. Sharaɗin shi ne kati ɗaya tak za a ƙara maka, daga nan bakinka alaikum, ko me ya zo. Yadda ake yi ma yana da ladabi. Ba a ɗora sabbin sulallan roba a kan na farko, a gefensu ake ajiyewa domin kyamarar da ke rufi ta ga komai. Ba a taɓa kati. Ɗan wasa yana ɗaga yatsa ɗaya, mai rabo kuma ya kwantar masa da katin a gicciye, alamar cewa an rufe ƙofa.

Lokacin da ya dace a ninka lissafi ne ya tsayar da shi. A cikin kati 52 guda 16 ne masu darajar 10, wato kusan kashi 31 cikin 100, kuma babu wata daraja da ta kai su yawa. Saboda haka mai riƙe da 11 yana kan gaɓa mai kyau: babu katin da zai ƙona shi, kuma kusan sau ɗaya cikin uku zai tashi da 21 cif. Ana ninka 11 a gaban kowane katin mai rabo daga 2 zuwa 10, sai dai a gidajen da mai rabo ba ya ganin katinsa na biyu sai kowa ya gama, kuma yake kwashe har da kuɗin ninki idan ya yi blakjak. A can ba a ninka 11 a gaban 10. Ana ninka 10 a gaban 2 zuwa 9. Ana ninka 9 a gaban 3 zuwa 6 kawai. Wanda ke da as da ƙaramin kati, kamar as da 4 ko as da 6, yana ninkawa idan mai rabo ya nuna rauni, musamman 5 ko 6. Dalili shi ne mai rabo da ke nuna 6 yakan ƙone kusan sau 42 cikin 100, saboda doka ta tilasta masa ja. Ba a ninka 12 zuwa sama idan babu as mai lanƙwasa a ciki, domin katin 10 da kake fata a can shi ne zai kashe ka a nan.

Na shiga binciken asalin wannan jadawali, abin ya ƙara burge ni. Wasu sojojin Amurka huɗu masu ilimin lissafi, Roger Baldwin da abokansa uku, su suka fara fitar da shi a 1956 da 'yan injinan lissafi na kan tebur. Bayansu Edward Thorp ya gwada abin a kwamfutar IBM, ya wallafa littafinsa a 1962, ya nuna cewa mai ƙirga katin da suka fita yana iya rinjayar gidan. Wanda ya bi jadawalin nan sau da ƙafa, ba tare da ƙirga ba, yana rage ribar gidan zuwa kusan rabin kashi ɗaya cikin 100. Na haddace shi kamar karatun allo. Ina tsaye da faranti, idan na ga attajiri ya riƙe 11 a gaban 6 ya ji tsoron ninkawa, sai in ji raini ya taso mini. Idan na ga wani ya ninka 12 don zuciya, in yi dariya a ciki. Wata biyu, wata uku, na fara jin cewa duk ɗakin babu wanda ya san wasan kamar yaron shayi.

Akwai wani abu da na karanta a daidai wannan lokaci na kuma ajiye shi gefe. A 1956 ɗin dai, wani masani mai suna John Kelly ya fitar da ƙa'idar da ke nuna kashi nawa na dukiyarsa ya kamata mutum ya aza, gwargwadon rinjayen da yake da shi. Idan rinjayen yana hannun gida, komai ƙanƙantarsa, amsar ƙa'idar sifili ce. Rabin kashi ɗaya ƙarami ne, amma a gefen gidan yake. Na fahimci wannan sarai. Har na taɓa warware makamancinsa a jarrabawa.

A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa a wajen naira 460 ta fara hawa, kafin watan Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. Albashina na lira ne, ita ma lirar tana zubewa, da ƙyar yake biyan haya da abinci. Saura mini zango ɗaya in kammala, kuɗinsa dala 1,500. Baba ya turo abin da ya iya haɗawa, naira miliyan ɗaya da rabi, wanda da aka canja ya tsaya a dala 1,000. Ya ce mini a waya, "Babana, ka kai musu wannan, ka roƙe su su yi haƙuri da sauran." Na je na roƙa. Aka ce rajista ba ta buɗuwa sai an biya duka, kuma kwana tara suka rage.

A daren nan na ɗauki biro da takarda. Akwai sanannen lissafi na wanda ya shiga wasa da wani adadi yana neman kaiwa wani adadi kafin aljihunsa ya ƙare. Idan wasan babu mai rinjaye, mai 1,000 da ke neman 1,500 yana da damar biyu cikin uku. Da na saka ɗan rinjayen gidan, sai ta sauko zuwa wajen shida cikin goma. Na zauna ina kallon wannan shida. Hudun da ta rage tana nufin kuɗin Baba su tafi gaba ɗaya, kuma a rubuce take a kan takardar da hannuna, amma idona bai tsaya a kanta ba.

Dokar wurin ta hana ɗalibai zama a teburin caca, kuma ba zan yi a inda aka san ni ba. Na ari kwat, na hau mota zuwa wani otal a bayan gari inda na ji ba a cika tambaya ba. Ba a tambaye ni ba. Na canja dala 1,000 zuwa sulallan roba, na zauna a gaban wata matashiya mai rabo, na fara aza 50 a kowane hannu. Awa biyu ina bin jadawali ba kuskure. Na sauka zuwa 800, na hau, na sake sauka, na sake hawa. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na ƙirga abin da ke gabana, dala 1,300. Saura 200. Na gaji, tafin hannuna yana gumi, na ce bari in gama da hannu ɗaya. Na tura 200.

Ta ba ni 6, ta ba ni 5. Katinta ya fito 6.

Duk wanda ya san wasan ya san da wuya a samu hannun ninki da ya fi wannan kyau. Cikin irinsa goma, mai 11 yana cin fiye da shida, ya faɗi a wajen uku, ragowar a yi canjaras. Wani Baturke da ke gefena ya buga tebur yana yi mini murna tun kafin a ja. Ban yi tunani ba ko na daƙiƙa ɗaya, hannuna ne ya yi aikin da na shekara biyu ina raina masu tsoron yin sa. Na ajiye wata 200 a gefen ta farko, na ɗaga yatsa ɗaya. Ta kwantar da katin a gicciye. 2 ne. Na tashi da 13. Katinta na biyu ya zo 10, ta zama 16, na ji numfashina ya tsaya domin yanzu kati mafi yawa ƙona ta za su yi. Ta ja 4. Ta sa hannu ta share dala 400 kamar mai share ɓawon gyaɗa daga kan tabarma.

Abin da ya biyo baya ba shi da wata alaƙa da Baldwin ko Thorp. Akwai wani ninkin na daban, wanda kowane ɗan caca ya sani ko bai taɓa shiga aji ba: idan an ci ka, ka ninka a hannu na gaba domin ka maido. Na farkon ana yin sa bayan an ga kati, lokacin da rinjaye ya dawo hannun ɗan wasa na ɗan lokaci. Wannan kuwa a makance ake yin sa, kafin a raba komai, kuma zafin rashi ne ke yanke shawarar. Wanda ya fara da 10 yana ninkawa, faɗuwa shida a jere ta raba shi da 630, kuma irin wannan jerin yana zuwa kusan sau ɗaya cikin hamsin. Na sha bayyana wa abokaina wautar wannan hanya. Da 900 a gabana na aza 100, aka ci. Na aza 200, na ja na ƙone. Saura 600. Na fara jera 400.

A daidai nan wani ya rusuna a kafaɗata ya tambaye ni da Turanci ko ina son shayi. Na ɗaga kai. Yaro ne baƙar fata, tsarana, da farar riga da faranti, ɗalibi kamar ni ko ba a faɗa ba. Ya dubi sulallan da ke hannuna, ya dubi kwat ɗin da ta yi mini yawa a kafaɗa, ya kawar da ido. Na san wannan kallo, domin ni ma da shi nake kallon mutane idan dare ya raba suka fara jera kuɗi da rawar hannu. Na ce masa a'a, na gode. Na tattara 600 ɗina na je na canja. Babu mota a wannan lokaci, na taka a ƙasa ta gefen teku har gari ya fara wayewa.

Washegari da dare na ba Usta labari a bayan kicin, ina ta nanata masa cewa ninkin daidai ne, jadawali ya ce a ninka, sa'a ce kawai ta ƙi. Ya bar ni har na gama. Sannan ya ce, "Ɗana, nawa kake nema a lokacin?" Na ce 200. Ya ce, "Nawa ka aza?" Na ce 400. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "To, ɗari biyun ta biyu wa ka nemo wa?"

Na kwana da wannan tambaya. Mai 11 a gaban 6, ko ya ninka ko bai ninka ba, kati ɗaya zai ja ya tsaya, domin ba a sake ja a kan 12 zuwa sama a gaban 6. Ashe ninkin bai ƙara mini damar ci ko ƙwayar zarra ba. Da na ci, da na tashi da 1,700, alhali 1,500 makaranta ke nema. Da ban ninka ba na faɗi, da ina da 1,100, sama da abin da na shigo da shi. Na jefa dala 200 a wuta domin neman wata 200 da ba ta da aikin yi a wurina. Jadawalin an tsara shi ne domin mutumin da zai yi hannu dubu ɗari, wanda aljihunsa ke iya shanye faɗuwar yau har matsakaicin lissafi ya bayyana. Bai san akwai rajista ba, bai san kwana tara ba. Ni da na san su, na ajiye su na bi shi, saboda ina so in zama wanda ya iya.

Kwana uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa. A rana ta huɗu, bayan sallar asuba, na kira Baba. Na fara daga aikin da na ɓoye masa, na gangaro har kan 2 da aka kwantar mini a gicciye, ko da yake na san bai gane wannan ɓangaren ba. Na ce, "Baba, ka gafarce ni." Ya yi shiru har na duba ko layin ya yanke. Ina jin carar zakara daga gidan maƙwabta. Daga bisani ya ce, "Ka san kuɗin mene ne?" Na ce ban sani ba. Ya ce rabin gonar kakana ce, wadda nake ɗauke da sunan mai ita. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ba shi da sauran abin sayarwa, kuma ko yana da shi ba zai sayar ba. Ya ce in bar aikin nan a yau, in riƙe abin da ya rage, in nemi sauran da gumina, kada in dawo masa ba takarda. Har muka yi sallama bai ce "Babana" ba.

Na ɗage zangon. Na bar otal, na koma ɗaukar siminti a wuraren gini da suka cika gefen Girne, cikin zafin bazarar da ke sa ƙarfe ya ƙona tafin hannu. Abokan karatuna suka sa rigar yaye a watan Yuni, na ga hotunansu a waya ina zaune a kan bulo. Ƙanwata da ke shirin shiga makarantar koyon jinya ta jira shekara guda, domin an yi lissafin cewa ni zan dawo in tallafa. Ita ba ta taɓa yi mini maganar ba, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan ta yi. Na biya kuɗin a watan Satumba, na kammala a farkon 2025.

Na dawo gida na shiga hidimar ƙasa. Dala 400 a farashin wancan lokaci naira 600,000 ce. Na gaya wa Baba zan biya, na zaci zai ce in bari. Bai ce ba. Ya jawo littafin bashi na rumfa, wanda yake rubuta sunayen 'yan sari da dillalai, ya buɗe sabon shafi. Daga alawus ɗina na naira 77,000 nake kai masa 30,000 kowane wata, wata ashirin ke nan idan Allah ya kai mu. Nakan same shi bayan la'asar, in durƙusa in gaishe shi, in miƙa. Yakan ƙirga sau biyu, kamar yadda yake ƙirga kuɗin kowa, ya rubuta kwanan wata, ya cire daga jimla.

A biya na huɗu ne ya tashi zai raka wani baƙo, ya bar littafin a buɗe a kan bandir ɗin atamfa. Na leƙa. Kowane shafi yana da cikakken sunan mai bashi da garinsu. A saman nawa, da ajaminsa mai kwanciya, ya rubuta "Babana". Da ya dawo na riga na koma wurina. Ya zauna, ya rufe littafin, ya ce in tashi in sauko masa da shadda daga saman kanta, akwai mai saye yana tafe.